Ragowar magani a ruwan sha: yadda nake gyara na gidana a Yamai

Wata safiya na tarar da Inna ta zazzage ledar magungunanta a kan tabarma, tana ware waɗanda wa'adinsu ya wuce. Tana ciwon sukari da hawan jini, ledar kuwa ba ta rabo da cika. Na ce, "Inna, ina za ki kai su?" Ta ce, "Masai mana, ƴar nan, kada jikokina su tsinta." Niyyarta mai kyau ce, amma rijiyar maƙwabtanmu ba ta kai taku ashirin daga masan nan ba.

Ba duk magani ke ƙarewa a cikin jiki ba. Metformin, maganin sukarin da Inna ke sha, kusan yadda ya shiga haka yake fita a fitsari. Daga masai ya sirara ƙasa, daga kwata ya bi Gunti Yena, kwarin da ya ratsa Yamai, ya faɗa kogin Neja, kogin nan kuma shi ake tacewa a matatun ruwa na Gudel da Yantala a turo mana a famfo. A 2022 masana ƙarƙashin jami'ar York ta Ingila sun fitar da sakamakon auna koguna 258 a ƙasashe 104, abin da suka fi cin karo da shi kuwa metformin ne, da carbamazepine na farfaɗiya, da kafeyin na kofi da shayi. Sai dai kada hankali ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2012 abin da ke isa ruwan sha ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na mafi ƙarancin awon da likita ke rubutawa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta, don idan suka yi ta yawo a ruwa, ƙwayoyin na sabawa da su har magani ya daina ci. Kuma har gobe zawo da taifot sun fi ragowar magani saurin kwantar da yaro, saboda haka duk gyaran da zan yi sai ya haɗa da su.

Idan ruwan ga-ruwa ne ko na rijiya, musamman da damina, ina barinsa ya kwana a bido, in tsiyaye na sama ta farin ƙyalle mai tsabta. Wannan laka kawai yake cirewa.

Tafasawa ba ta fitar da yawancin magunguna. Tana kashe ƙwayoyin cuta idan ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, amma ruwa ne ke tashi ya zama tururi, maganin na nan a tukunya. Kulorin ma wani ɓangare kawai yake lalatawa.

Abin da ke kama magani shi ne gawayin tacewa, wanda aka gasa a masana'anta har ya yi ƙofofi bila adadin da ido ba ya gani. Gawayin shayi ba zai yi wannan aiki ba, ko an daka shi lukui. In za ki saya, nemi dunƙulallen, ya fi na tsaki-tsaki riƙo, kuma ki duba ko kwalin na ɗauke da lambar NSF 401, ita ce shaidar an gwada matatar a kan irin su ibuprofen da carbamazepine. Ki bar ruwan ya bi a hankali, gaggawa ke sa magani ya wuce. Metformin kam gawayi ba ya riƙe shi sosai. Na'urar osmos mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tana da tsada, tana son famfo mai ƙarfi, tana kuma zubar da ruwa da yawa. A watan Afrilu, da famfonmu ke ɗiga sai tsakar dare, ba zan iya da ita ba.

Kuskuren da na yi, na bar gawayina ya wuce lokacinsa. Da na kwance shi, sai ga yauƙi ya lulluɓe shi, yana wani irin ƙarni. Tun ranar nake rubuta kwanan watan sauyi a jikin bokitin matatar. Na kuma gane gawayi na shanye kulorin da ke kare ruwa, shi ya sa nake sa kashe ƙwayoyin cuta a ƙarshe: in tafasa, ko in jefa Aquatabs, ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa, gwargwadon litar da aka rubuta a takardarsa, in jira minti 30. Daga nan sai randa mai murfi, da moɗa guda wadda ba mai kai ta baki.

Magungunan Inna kuwa, na fara tambaya a farmasi ko suna karɓa. Waɗanda suka rage na ɓare su daga takardunsu ba tare da na daka ba, na cakuɗa da toka da ƙasa, na ƙulle a leda biyu, sannan na sa a shara. Yanzu duk ƙarshen wata ni da ita muke zama mu duba ledar tare.