Yadda Ake Rainon Furen Impatiens Daga Iri a Kano

Impatiens walleriana fure ne ɗan asalin gabashin Afirka, daga Kenya zuwa Mozambik. Inuwa yake so, kuma inda babu sanyin ƙanƙara yakan yi shekaru yana fure, ja, fari ko ruwan hoda. A Kano zafi ne babban abokin gabarsa, don haka lokacin shuka ya fi komai muhimmanci.

Irin yana tsirowa sosai a yanayin zafi na digiri 21 zuwa 24 a ma'aunin Celsius. Da zafin ƙasa ya kai 30, yawancinsa ba zai fito ba. Kada ka ɓata irinka daga Maris zuwa Mayu. Ka shuka a ƙarshen Yuli ko Agusta, lokacin da damina ta kankama, ko a Nuwamba da Disamba a cikin ɗaki. Agusta ta fi, saboda iska na da laima. Ka duba kwanan watan da ke jikin fakiti, domin irin nan ba ya jure ajiya, musamman a shago mai zafi.

Haɗa ƙasa: kwano biyu na ruɓaɓɓen takin shanu da aka tankaɗe, kwano ɗaya na yashi mai laushi, kwano ɗaya na ƙonannen ɓuntun shinkafa. Zuba a roba mai zurfin santimita 6 wadda aka huda ƙasanta, ka kwarara tafasasshen ruwa a kai, ka bar ta ta huce har washegari. Wannan yana rage ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da tsiro.

A yadda ake shuka irin ne mutane suka fi kuskure. Irin ƙanana ne ƙwarai, kuma sai ya ga haske yake tsirowa. Ba a binne shi kamar gero. A barbaɗa a sama, tazarar santimita 2, a ɗan danna da bayan cokali, shi ke nan. Rufe robar da farar leda mai nuna ciki, ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, kamar gefen randa a baranda. Idan rana ta taɓa ledar ko na awa ɗaya ne, irin zai dahu. Ban ruwa kuwa ta ƙasa ake yi: sa robar cikin faranti mai ruwa na minti goma. Zubawa ta sama tana kwashe irin zuwa gefe guda.

Cikin kwana 7 zuwa 14 zai fara leƙowa. Cire ledar nan take. Idan ka ga tsiro ya tsuke a gindi ya kwanta, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. Tuge wanda ya kamu, ka rage ban ruwa. Idan ya yi tsawo siriri kamar zare, haske ne bai ishe shi ba. Don kare shi daga ƙadangaru da kaji kuma, rufe shi da tsohon gidan sauro ya wadatar.

Da ya yi ganye huɗu na sosai, ban da ƙananan biyun da ya tsiro da su, wajen sati huɗu zuwa biyar, sai dashe. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana sanyaya saiwa. A fili kuwa, bar tazarar santimita 25, a ƙarƙashin mangwaro ko jikin katangar da hantsi kawai ke taɓawa. Rabin cokalin shayi na takin NPK 15-15-15 a lita 4 na ruwa duk sati biyu ya isa. Idan ya wuce haka ganye za ka samu, ba fure ba. Tsinke kan tsiron ya yi rassa. Fure yakan fara wajen sati 10 zuwa 12 da shuka.

Da hunturu, busasshiyar iska na jawo jajayen ƙwari ƙanana masu saƙa a bayan ganye, sai a riƙa wanke su da ruwa da safe. Kafin bazara, yanki rassa masu tsawon yatsa ka sa a kofin ruwa cikin ɗaki. Za su yi saiwa cikin sati biyu, sai ka samu na dasawa ko da uwar shukar ba ta tsallake zafin Afrilu ba.