Inshorar ido: lissafin da za ka yi kafin ka biya

A Garwa, Marwa da Ngaundere na ƙasar Kamaru, inshorar ido yawanci tana zuwa ne cikin inshorar lafiya, ta wurin aiki ko asusun taimakon juna. Kafin ka sa hannu, nemi takardar sharuɗɗa ka duba iyakar kuɗin tabarau, kason da za ka cika daga aljihunka, watannin jira kafin a fara biya, da tsawon lokacin da ake ba da sabon tabarau, wanda galibi shekara 2 ne.

Sai lissafi. A ce ƙarin da ake karɓa domin ido jaka 30 ne na sefa a shekara, iyakar tabarau kuma jaka 50 duk shekara 2. Ka zuba 60, ka karɓi 50. Asara ce, gara ka yi adashe. Amma idan ƙarin nan ɗaya ya rufe mutum uku masu sa tabarau a gidan, kowa da iyakarsa, riba ta fito.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne firam: a zaɓi mai tsada, ya cinye iyakar tun kafin a zo ga gilashi. Haka sayen tabarau ba takardar likita, ko a shagon da kamfanin bai amince da shi ba, sai a ƙi mayar da kuɗin.

Mai ciwon sukari ko hawan jinin ido, tabarau ba shi ne babbar damuwarsa ba. Ya tambaya a rubuce ko ana biyan awon ido na shekara-shekara, maganin ɗigawa da tiyatar yanar ido, musamman in yana da ciwon tun kafin ya yi rajista.