Kada harafin Turanci ya rufe maka ido

Makona na farko a Landan na je tashar jirgin ƙasa zan sayi tikitin Worcester. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya allo. Mai sayar da tikitin ya ce in maimaita, har sau uku. Da na gaji na miƙa masa takardar, ya duba ya ce, "Wusta." Ashe rabin haruffan zaman ado suke yi.

Mu a Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa, to ka ajiye wannan sabon a filin jirgi. Rubutun Turanci ya fara tsayawa wuri guda ne bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, bakin mutane kuwa ya ci gaba da sauyawa. Harafin k na knife da knee da can ana furta shi. Shi kuwa b na debt masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin, "det" kawai ake cewa.

Sunayen garuruwa sun fi kayar da baƙo. Leicester dai masu kallon ƙwallo sun san Lesta ce tun da ƙungiyar garin ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Gloucester Glosta, Greenwich Grenich, Reading Redin, Edinburgh Edinbara.

Abin da ke burge ni, kakanninmu da suka ɗauki Turanci da kunne sun fi mu dacewa. Rasit ɗinmu babu p, haka ma Bature ba ya furta p na receipt. Colonel gaɓa biyu ce kamar kanar. Lieutenant a Ingila da sautin f ake faɗinta kamar laftanar, sai a Amurka ne ake sauke shi.

Furuci in ka kuskure, dariya ce kawai. Ma'ana ce mai cizo, musamman a wasiƙa. Wata ’yar uwa ta kira ni hankali tashe, an rubuto mata ta zo surgery ranar Talata, ta ɗauka tiyata za a yi mata. A Ingila ɗakin ganin likitan unguwa ma surgery ake ce masa. Fortnight mako biyu ne cur. Arrears bashin da ya taru ne, in ka gan ta a takardar mai gida ko ta haraji, kada ta kwana ba ka bincika ba. Excess a inshora shi ne kason da za ka biya daga aljihunka kafin kamfani ya biya saura.

Ƙamus ɗin Cambridge na intanet yana da maɓallin murya biyu, na Ingila da na Amurka, danna na ƙasar da kake. In ka hau bas kuma cire abin kunnenka, ka riƙa duba allo lokacin da muryar ke kiran tasha. A haka na gane Southwark kusan "Sadak" ake ce mata.