Kafin ku kai kuka a kan famfon unguwa

Salamu alaikum ƴan uwa. Na ga wata Hajiya ta yi maganar famfon unguwarsu da ya ƙafe, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da muka koya a unguwarmu nan garin Tawa, a Nijar.

Kuka da baki ba ya barin sawu. Mu sau uku muna zuwa ofishin hukuma mu yi bayani, a ce mana "to, an ji", mu dawo. Laifinmu ne, ba mu bar komai a rubuce ba.

Ku rubuta takarda da Faransanci, gajera: ranar da ruwa ya ɗauke, gida nawa ke ɗiba a wurin, da abin da kuke nema. Ku yi kofi biyu. Ɗaya ku miƙa, ɗayan kuma sakataren ofishin ya buga masa hatimi da kwanan wata ku dawo da shi. Wannan na biyun shi ne makaminku. Namu yana cikin leda a ƙarƙashin katifar Baba Liman, har ya yi laushi don yawan fitarwa.

Mai unguwa ya fara sa hannu, kada ku tsallake shi, zai ji haushi. Kuma ku tafi da mata. Su ke tashi da asuba da jarkoki, su suka san dala nawa mai ga-ruwa ya ƙara, bakinsu ya fi namu nauyi.

Mutum biyar sun isa, ba sai an yi gayya ba. Bayan mako biyu ku koma da kofin a hannu.