Ramukan da ke cin masu taɓa gada a kanel ɗin Linux

Kowace shekara sabbin ɗalibai a Samaru na buɗe net/bridge, wato sashen kanel da ke ɗauke da gada (bridge), manhajar da ke haɗa katunan sadarwa su yi aiki kamar suwic ɗaya, kuma ramin da ya ci na bara shi ke cin na bana.

Mafi zurfinsu shi ne barci, wato aiki ya dakata yana jira, a hanyar karɓar saƙo. br_handle_frame, wadda ke karɓar kowane firam (ƙunshin saƙon Ethernet) da ya shigo gada, tana gudana ne cikin softirq, ƙarƙashin rcu_read_lock, yanayin da ba a yarda a yi barci ba. A nan babu mutex, babu msleep, babu kmalloc da GFP_KERNEL, don dukkansu na iya sa barci. Abin takaicin, aikin zai yi ta tafiya lafiya lau har ranar da ma'adana ta matse ko wani ya riga ka kama makulli, sannan kwamfuta ta sandare. Wajen neman ma'adana yi amfani da GFP_ATOMIC, wadda ba ta barci, ka kuma duba NULL, don takan dawo hannu rabbana. In makullin ana kama shi daga ɓangaren umarnin mai amfani ma, ba daga softirq kaɗai ba, spin_lock_bh ake sa wa. Aikin da ba a kunna masa CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP da CONFIG_PROVE_LOCKING, masu gano irin waɗannan kurakurai, ba, ni ko kallonsa ba na yi.

Ƙaninsa kuma: cire adireshi daga teburin FDB, inda gada ke ajiye adireshin da ke bayan kowace ƙofa (port), a bi shi da kfree nan take. Haba malam! Wani CPU na iya kasancewa yana karanta wannan adireshin a daidai lokacin. kfree_rcu ko call_rcu aka tanada, masu jira sai masu karatu sun gama, KASAN kuwa, mai gano taɓa ma'adanar da aka saki, zai tona asirin wanda ya ƙi.

In gada ta watsa firam ga dukkan ƙofofi, skb_clone take yi, kwafin duk suna kallon bayanai ɗaya. Ka gyara ɗaya ba tare da skb_ensure_writable ba, ka ɓata sauran. Kafin ka karanta kan fakiti (header), kira pskb_may_pull don tabbatar yana nan cikakke.

Sai madauki. Firam ɗin Ethernet ba shi da TTL, ƙidayar da ke kashe saƙon da ya daɗe yana yawo, kuma Linux na barin STP, tsarin da ke hana madauki, a kashe. Haɗa ƙofofi biyu ga suwic ɗaya, saƙon ARP (na neman adireshi) guda zai yi ta zagaye har ɗakin kwamfuta ya tsaya cak. Kada ka gwada a layin da mutane ke amfani da shi. Tada kwamfutar kwaikwayo a QEMU, ka haɗa netns (keɓaɓɓun hanyoyin sadarwa) biyu da veth (wayar kwaikwayo), ka ɓata abinka.

Ƙanana: adireshin IP a kan br0, wato gadar kanta, ake sa shi, ba a kan ƙofa ba. Katin Wi-Fi da ke matsayin baƙo (client) ba ya shiga gada sai da yanayin adireshi 4. In ka kunna STP ka ji shiru na daƙiƙa 30, ba lalacewa ba ce: 15 na sauraro, 15 na koyo.