Kurakuran da ke hana masu digiri samun aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa

Yawancin takardun neman aikin da matasa ke aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta ba sa isa gaban mutumin da zai auna cancantar mai su, domin tun a tantancewar farko ake ajiye su gefe. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin masu takardun nan suna da ilimin da ake nema, sai dai ba su karanta sanarwar aikin da natsuwa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman matakin da mutum bai kai ba. A tsarin Majalisar, muƙaman ƙwararrun ma'aikata suna da matakai masu alamar P: muƙamin P-2 yana buƙatar gogewar aiki ta aƙalla shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 kuwa shekara 10. Wanda ya kammala jami'a bara ya nemi P-3 ya ɓata lokacinsa, ko da ya fi kowa maki a ajinsu. Akwai ƙofofin da aka tanadar wa sababbin hannu, kuma su ya kamata a fara ƙwanƙwasawa. Ɗaya ita ce jarrabawar matasan ƙwararru ta YPP, wadda ake buɗe wa masu digirin farko da ba su wuce shekara 32 ba, muddin ƙasarsu tana cikin jerin ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a Majalisar. Jerin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sai an duba shi kafin a fara shiri. Akwai kuma shirin 'yan sa-kai na UNV mai hedikwata a birnin Bon na Jamus, wanda ke ba da alawus na zama. Shirin JPO na ƙananan jami'ai ƙwararru kuwa gwamnatoci ne ke ɗaukar nauyinsa, galibi don 'yan ƙasarsu, saboda haka kada a ɗora buri a kansa kafin a tabbatar an cancanta.

Wani abin da nake ganin ya fi cutar da matasa shi ne raina aikin da ke kusa. Idon kowa yana kan manyan ofisoshin Majalisar da ke Niyok da Janiba, alhali UNICEF da hukumar raya ƙasashe ta UNDP da Hukumar Lafiya ta Duniya suna ɗaukar 'yan ƙasa aiki a ofisoshinsu na cikin gida, kuma a irin waɗannan ofisoshi, ko a ƙananan ƙungiyoyin agaji masu aiki tare da su, ake tara shekarun gogewar da manyan muƙamai ke tambaya. Shafin ReliefWeb, wanda ofishin jin ƙai na OCHA ke gudanarwa, yana wallafa irin waɗannan guraben kullum.

Sai batun cike fom. Sakatariyar Majalisar tana karɓar takardu ta manhajar Inspira, kuma abin da aka rubuta a cikin fom ɗin ne ake dubawa. Mutane kan rubuta sunan muƙaminsu na baya kawai, ko su kwafo jerin ayyukan ofishin baki ɗaya, su tura abu guda ga kowane gurbi. Gyaran shi ne a ɗauki sharuɗɗan sanarwar ɗaya bayan ɗaya, a nuna inda aka cika kowanne, tare da ranar fara aiki da ranar barinsa, da bayanin ko aikin na cikakken lokaci ne, domin da waɗannan ake lissafa shekarun gogewa. A kuma tabbatar jami'ar da aka yi tana cikin kundin manyan makarantun duniya na WHED, wanda Majalisar ke dogara da shi wajen amincewa da digiri. Game da harshe, Turanci da Faransanci ne harsunan aiki na Sakatariyar, kuma iƙirarin ƙwarewa a harshen da ba a iya ba yakan tonu a ganawa.

A wajen ganawar, ana tambayar abin da mutum ya taɓa yi a zahiri: yadda ya warware saɓani da abokin aiki, ko yadda ya kammala aiki cikin ƙurarren lokaci. Masu tawali'u kan amsa da «mun yi», alhali kwamitin ganawar yana son jin abin da shi mai neman ya yi da kansa. A shirya misalai na gaskiya tun kafin ranar, kowanne da halin da aka shiga, da matakin da aka ɗauka, da sakamakon da ya biyo baya.

Guraben Sakatariyar suna rufewa da ƙarfe 11:59 na dare agogon Niyok, don haka kada a bari sai ranar ƙarshe. Majalisar kuma ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, ko na fom, ko na ganawa, ko na horo. Duk wanda ya aiko da takardar kama aikin da ba a nema ba, ya kuma buƙaci kuɗin biza ko bayanan asusun banki, ɗan damfara ne, komai kyan tambarin da ke saman takardar.