Kurakuran da sabon ɗan gasar harbin fistol ya fi yi

Gasar harbin fistol da ake yi ana tafiya tsakanin allunan saiti tana ƙarƙashin ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa da ƙasa mai suna IPSC, wadda aka kafa a shekarar 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, Jeff Cooper kuma shi ne shugabanta na farko. Takenta ya haɗa abubuwa uku, wato daidaito da ƙarfi da sauri, amma kusan duk sabon shiga sauri kaɗai yake gani, daga nan kuma yawancin kurakuransa suke tasowa.

Mafi muni shi ne kuskuren da ke sa a kori mutum daga gasar baki ɗaya. Doka ta hana bakin bindiga ya juya fiye da digiri 90 hagu ko dama daga tudun da ke tare harsasai, kuma sabon ɗan wasa ya fi karya wannan doka lokacin da yake ja da baya ko yake sauya gidan harsashi yana tafiya, domin hankalinsa ya koma kan ƙafafunsa. Haka nan barin yatsa a kan kunama yayin tafiya laifin kora ne. Gyaran shi ne mutum ya riƙa atisaye da bindigar da ya tabbatar babu harsashi a cikinta, yana miƙe yatsa a jikin bindigar duk sa'ad da ya motsa, har abin ya zama jiki. Wanda bindigarsa ta faɗi kuwa kada ya kai hannu. Sai dai ya kira alƙalin fili.

Kuskure na biyu na lissafi ne. Ana raba makin da mutum ya samu da yawan daƙiƙun da ya ɗauka. Tsakiyar allo maki 5 ce, harsashin da ya kuskure allo kuma ana cire masa maki 10 ban da 5 ɗin da ya rasa. A zagaye mai harbi 20, wanda ya gama a daƙiƙa 25 duk a tsakiya zai tashi da 4, alhali wanda ya gama a daƙiƙa 20 da kuskure biyu zai sauko zuwa maki 70, ya tashi da 3.5. A ganina wannan ɗan lissafi ya fi duk wata nasihar mai horarwa tasiri, domin gaggawar da ta burge 'yan kallo ita ce ta kayar da mai ita.

Akwai kuma masu ɓata 'yan mintocin da ake bayarwa don zaga filin kafin a fara. A lokacin ne ya kamata mutum ya ƙidaya alluna, ya tsayar da inda zai sauya gidan harsashi, ya fi son yin haka yana tafiya tsakanin matsayi biyu maimakon ya tsaya cik bindiga ta ƙare masa. Da zarar na'urar ƙidayar lokaci ta yi ƙara, wanda bai haddace shirinsa ba yakan manta allo guda, hukuncinsa kuma ya ninku.

Batun kaya bai buƙatar dogon bayani. Fistol mai harsashin milimita 9, da kube mai rufe kunama, da abin kare ido da kunne sun isa gasar farko, kuma kuɗin bindiga mai tsada gara a kashe shi a kan harsasan atisaye.